Kawuna Bai Taɓa Yin Bammi Ba

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu isa. Ƙanen mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Ya rasu a asibiti a Lyon cikin sanyin da ya wuce, bayan ciwon ƙirji da bai ba shi dogon jinya ba, aka rufe shi can a ɓangaren Musulmi na maƙabarta. Zaman makoki kuma a Paris aka yi shi, tunda nan mutanenmu suka fi yawa. Wani ɗan garinmu ya ba da falonsa a unguwar Goutte d'Or, can sama, takalma suka cika matakala har maƙwabta suna tsallake su suna gunaguni.

Ni ne na tsaya da farantin dabino, don haka babu abin da ya wuce kunnena. Kowa ya shigo da "ya haƙuri", a amsa, a shafa fatiha. Sai a ƙara wani abu a ƙarshe, ƙasa-ƙasa. Wata dattijuwa ta ce, "Mutumin kirki ne wallahi, sai dai sana'ar." Wani ɗalibi da ya zo daga Yamai bai fi wata biyu ba, bai taɓa ganin Kawu ko a hoto ba, ya karkata ga abokinsa ya ce, "C'est lui, shi ne tsohon nan na bammi?" Alhaji mai butik, wato shagon wayoyi, a unguwar Barbès, wanda ya samu kujera mafi laushi, ya ja carbi ya ce Allah mai gafara ne, ko wanda ya rayu a bakin tulun giya in ya cika da kalmar shahada an gama magana. Aka ce amin. Matar Kawu tana ɗakin mata, ƙofa a buɗe. Ta ji. Ta gyara mayafinta kawai.

Kashegari Inna, mahaifiyata, ta kira ni daga ƙauyenmu na ƙasar Damagaram. Tsohuwa ce, idonta ya tafi, sai an danna mata waya an kara mata a kunne. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Kai. An ce da giya ƙanena ya ci abinci a ƙasar Annasara. An ce shi ya sa aka ɓoye gawarsa can."

Na ce, "Inna, ƙarya ce."

Ta ce, "Kai ɗansa ne, dole ka rufa masa asiri. Hatsin da na ci shekara da shekaru daga hannunsa ya fito. Tun da na ji maganar nan loma ta ƙi wuce mini. Wanda ya faɗa, shi nake so in ji."

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ban yi lakol, makarantar boko, mai nisa ba, gadi nake yi a bakin kantin wasu har gashina ya yi fari, kuma ban iya zaƙin baki ba. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara a ransa. Abin da na sani shi zan faɗa.

Kawu ya fara da talla a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa na metiro ta Barbès kamar kowa, agogo da bel da tabarau. Ba ya da bakin ciniki. Mai saye ya ce abu ya yi tsada, sai Kawu ya ce, "Gaskiyarka." Da ya ga ba hanyarsa ba ce ya sauka Lyon, ya samu aiki a wani sito da ke sayar da tiyo na roba, na ban ruwa, na masu shanu, na gidaje. A nan ya san tiyo kamar yadda mahauci ya san jijiya. A nan kuma wani tsohon manomi daga duwatsun bayan gari ya same shi. Mutumin yana da gandun icen erabul, icen nan da ganyensa ke jikin tutar Kanada, yana so ya bar bin itatuwa da bokiti ɗaya-ɗaya.

Ga wanda bai sani ba: a ƙarshen sanyi, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta saki, icen nan yana zubar da ruwa in an huda shi. Ruwan fari ne tas kamar na rijiya, da ɗan zaƙi can nesa. A tara shi a dafa, a yi ta dafawa, randa guda ta koma 'yar kwalba, ya yi kauri ya yi ja kamar zuma. Turawa na zuba shi a kan fanke. Iyakar sana'ar ke nan. Yara ƙanana ake ba shi.

Aikin Kawu shi ne hanyar da ruwan zai bi daga jikin ice zuwa tukunya. Kowane ice da ɗan tiyonsa siriri, bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba. Waɗannan yake kira 'ya'ya. Su gangaro su shiga babban tiyo mai kaurin rake da aka ɗaure a kan waya, ita ce uwa. Can ƙasa a rumfa akwai injin da ke zuƙe iskar cikin tiyon, zuƙar nan ita ke janyo ruwa daga jikin icen. Da ka hango gandun sai ka ce gizo ne ya yi saƙa da shuɗin zare.

Na san wannan ne don na yi aikin da shi, kuma ga yadda aka yi na je. Wata shekara aiki ya ƙare mini, matar da nake aure ta kwashe kayanta, na rufe kaina a ɗaki a Belleville, nan Paris, ba na ɗaukar wayar kowa. 'Yan garinmu da ke zagaye da ni babu wanda ya hau matakala. Kawu ne ya shigo jirgin ƙasa tun daga Lyon. Ya buga ƙofa har na buɗe, ya dubi ɗakin, ya dube ni, bai yi wa'azi ba. Ya ɗauki jakar leda ya fara cusa tufafina.

"Kawu, ina za mu?"

"Daji. Ina da itatuwan da suka fi ka kuka, su kuma nasu ana dafa shi a ci."

Ranar farko ya ba ni takalman roba da wandon da ya yi mini yawa. Muka hau tudu cikin ƙanƙara ina haki kamar tsohon jaki, shi da ya girme ni nesa yana gaba da goro a kumatu. Na dubi siraran tiyon nan na ce, me ya sa ba za a sa manya ko'ina ba a huta, ai babba ya fi ɗauka. Ya tsaya ya yi dariya har da riƙe ice.

"Bahaushe ke nan! Komai babbar riga. Ɗan nan, ka ba ɗa rigar ubansa ka ga ko zai yi gudu."

Ya nuna mini. A gangare mai tsayi, siririn tiyo in ya cika da ruwa, nauyin ruwan da ke sauka shi ke jan na bayansa, ko babu inji. In ka faɗaɗa shi ruwan sai ya kwanta, ya bi ƙasa-ƙasa kamar mai jin barci, rana ta buge shi ya yi ɗumi, ya fara tsami tun bai kai rumfa ba. Uwa kuma akasin haka take. Ita ba a so ta cika ciki. Ruwa a ƙasa, iska a sama, kowa da hanyarsa. In ka matse ta ka ɗora mata 'ya'yan da suka fi ƙarfinta, ruwa ya toshe ta, zuƙar inji ba ta kai wa itatuwan da ke can ƙarshe, su zauna kamar marayu. Yana da takardun kamfani masu lambobi, yana duba su da tabarau a bisa hanci, yana lissafa itatuwa da tsawon layi. Bayan nan sai ya bi gangaren da ƙafa, ya ce takarda ta faɗi nata, saura gwiwa.

Duk inda waya ta saki, uwa ta yi ciki ruwa ya taru, sai ka ji yana faɗa shi kaɗai. "Ruwan da ya kwana ba nawa ba ne." In ya buɗe tanki ya ji wari ko kaɗan ya sauya, zubarwa yake yi, ko mai gandun na ɗaga hannu sama yana kiran sunan Allah da Faransanci. Ku riƙe wannan, ku da kuka zauna a falon nan kuna neman masa gafara. Mutumin da kuka ce yana yin bammi, duk rayuwarsa a dajin nan yaƙi yake da tsami.

Yana tafiya a gandu da kai a karkace, yana sauraro. Ƙaramar huda in ta samu tiyo tana yin wani siririn fito, kunnena ba ya kama shi sai na zo daf. Shi daga nesa zai ɗaga yatsa. Yawanci kurege ne ya ciza. Ya ɗaga wurin cizon ya nuna mini, ya ce, "Ka ga ɗan banzan nan? Tun daga gonar gyaɗar ubana ya biyo ni har Faransa, ko biza bai nema ba." Azahar in ta yi, ya shimfiɗa buhun roba a kan ƙanƙara, ya yi alwala da ruwan ɗumi daga bido, 'yar jarkar da yake rataye cikin riga. Mai gandun ya san lokacin, yana kashe zarto har a sallame.

Da tiyo yake auna mutane. Mai yawan alkawari, ya ce wannan faɗi ya yi masa yawa, ba abin da zai iso. Mutumin da ya ɗauki hidimar dangi duka a kansa har ya kasa numfashi, ya ce uwa ce ta cika ciki. Ni kuma yakan ce huda gare ni, duk abin da aka zuba mini na alheri sai ya fita ta baki. Ban musa ba.

To daga ina bammi ya fito? Daga bido guda. A farkon shekarunsa na gandu, murna ta sa ya ɗebo ɗanyen ruwan icen ya kawo Paris don 'yan'uwa su ɗanɗana abin mamaki, ruwa mai zaƙi daga ice a ƙasar ƙanƙara. Ya iske Alhaji mai butik ya yi tafiya, ya bar masa saƙo a sha da wuri. Yaran shago suka tura bidon bayan kantar shago, jikin ƙarfen ɗumama ɗaki. Ya yi kwanaki a nan. Da Alhaji ya dawo ya murɗe marfin a gaban jama'a, abin ya yi tsaki ya yi kumfa, wari ya tashi. Alhaji ya yi zaman Kwatano da Lome, ya ga masu hawa bishiyar kwakwa da gora a ƙugu. Ya ja da baya yana toshe hanci.

"La'ilaha! Bammi! Ashe abin da mutumin ke yi a daji ke nan!"

Aka fashe da dariya. Ko kunun gero ka bari jikin wuta kwana da kwanaki abin da zai yi ke nan, kowa a wurin ya sani. Amma labarin ya fi daɗi a haka. Kafin Kawu ya sake zuwa Paris an naɗa shi Sarkin Bammi. Da farko a gabansa ake faɗa ana tafawa. Daga baya aka koma faɗa a bayansa, kuma babu dariya. Sababbin zuwa suka tarar da sunan, ba su tarar da bidon ba.

Na ga abin da sunan ya ci. Da can in ana suna ko ɗaurin aure, shi ake cewa ya buɗe da addu'a, don yana da karatu daidai gwargwado. Aka daina. In salla ta kama a shago, da can shi ake turawa gaba, sai aka koma kallon silin har wani ya shige. Duk shekara yana aiko da kwalaben dafaffen ruwan nan gida-gida, matarsa ta naɗe kowace da jarida. Na shiga wani gida na ga tasu a ƙarƙashin wurin wanke-wanke tare da sabulu, ba a ko buɗe ba. Ban gaya masa ba. Ina jin ya sani.

A kan wannan muka yi faɗa, faɗa ɗaya tak da na taɓa yi da shi. Muna cikin gandu yana ɗaure waya. Na ce ya je ya sami Alhaji, ya tara mutane, ya kira liman, a dafa abin a gabansu su gani. Ya ce, "In na bi kowane baki da faci, wa zai bi tiyo?" Na ce wannan ba haƙuri ba ne, tsoro ne. Na ce ya zaɓi ya ɓuya a daji yana yi wa Annasara bauta don ba ya iya kallon idon 'yan'uwansa. Ya ajiye filaya a hankali. Bai ɗaga murya ba.

"Sauka. Akwai mota da la'asar."

Na sauka. Bazara ta wuce, kaka ta wuce, ba mu yi magana ba. Ni da zuciya, shi da nasa shirun. Sai da sanyi ya fara sassauci waya ta yi ƙara, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Ice ya fara. Kana zuwa, ko in ba wani takalmanka?" Na je. Bai tayar da maganar ba har ya bar duniya. Har yau ina ganin da ya bi shawarata da Inna ba ta kwana da yunwa ba. Shi ma in yana nan zai ce huda ce ke magana.

A shekararsa ta ƙarshe gwiwa ta ƙi hawa tudu. Aka sa masa kujera a rumfa kusa da inji, bargo a cinya, yana kallon allurar da ke nuna ƙarfin zuƙa. In ta ɗan sauka sai ya kira ni a waya ina can sama. "Duba layin da ke bayan dutse, wajen icen nan mai rassa biyu." In je in tarar da cizon kurege. Da yamma matarsa ta soya waina, a tsiyaya sabon dafaffen ruwan icen a kai tun da ɗuminsa, mu ci mu uku da mai gandun, wanda ya koyi cewa bismilla yana faɗinta kamar mai tari. Ranar jana'iza tsohon nan ya sauko daga dutse da sanda, ya tsaya bayan sahu da hula a hannu har aka gama. Daga Paris mutum nawa suka zo, ba zan faɗa ba, sun san kansu. Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya yalwata masa kabari, ya ba matarsa da yayarsa haƙurin rashinsa.

Saura maganar Inna. Na bar kwana biyu ina juya ta, don na san halina, in na shiga butik ɗin nan da zafi sai an kira 'yan sanda. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na je. Shagon cike, masu sayen kati, masu zaman hira. Na gaishe da Alhaji yadda ya kamata, har da tambayar iyali. Sannan na kira gida, aka kara wa Inna waya, na buɗe murya kowa na ji, na ajiye a kan kantar shago.

"Alhaji, yayar marigayi ce. Ta ce wanda ya faɗa take so ta ji."

Ya dube ni, ya dubi mutane. Ya gyara hula. Ya sunkuya ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yi ta'aziyya, ya yabi Kawu har da cewa tare suka sha wahalar farkon zuwa. Inna ta bar shi ya gama.

"Alhaji, na gode. Abu ɗaya nake tambaya. Ka ga ƙanena yana yin giya, ko yana sayarwa?"

"Hajiya, ai... wani ruwa ne ya taɓa kawowa, ya ɗan lalace a shago."

"A hannunsa ya lalace?"

"A'a. A nan ne. Yara ne suka bar shi wurin zafi." Ya yi 'yar dariya yana neman wanda zai taya shi, bai samu ba. "Hajiya, wasa ne fa. Wallahi tun farko wasa ne muke yi da shi."

Sai muryar Inna ta fito, a hankali, irin ta mai tambayar hanya.

"Wasa. To Alhaji, ka yi mini haƙuri, tsufa ya sa na manta dangi. Uwarka ce ƙanwar ubanmu, ko ubanka ne wan uwarmu?"

"A'a, Hajiya, ba mu haɗa jini ba."

"To da wace taubasantaka ka yi wasa da shi har cikin kabari?"

Alhaji ya sa hannu yana jera kwalayen waya da suke a jere tun farko. Wani dattijo da ke bakin ƙofa ya ce la'ilaha illallahu a hankali, ya fita. Ban ji an ce a yafe ba, ban kuma tsaya jira ba. Na ɗauki wayata na fito ƙarƙashin gada, jirgin metiro na wucewa a kanta, na toshe kunne ɗaya.

"Inna, kin ji?"

Ba da ni take ba. Ta manta ba a kashe waya ba, ko ba ta damu ba. Ina jin ta tana ƙwala wa jikarta kira can cikin gida, da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba.

"Ke! Tuwon jiya yana nan? Ɗumamo mini. Ki sa man shanu."